Kabad ɗin Ƙarƙashin Kwamin Wanke-wanke: Tambayoyi da Amsoshi Kan Ƙarfafa Gabansa

A duk jerin kabad na kicin, babu mai shan wahala kamar wanda kwamin wanke-wanke ke zaune a kansa. Shi ke ɗaukar nauyi mafi yawa, shi ruwa ke jiƙawa safe da yamma, kuma shi aka fi yi wa yanke-yanke: an ɗauke masa rufi saboda kwami, an huda bayansa saboda bututu. Ga tambayoyin da kafintoci da masu gida suka fi yi idan an zo haɗa shi. Awon da santimita da milimita ne, inda ya dace kuma an kawo inci.

Me ya raba wannan kabad da sauran? Ai duk akwati ne.

Akwati ne, amma an cire masa abin da ke riƙe bakinsa. Kabad na yau da kullum yana da gefe biyu da ƙasa da baya, a sama kuma akwai cikakken falle ko sanduna biyu masu faɗi, ɗaya gaba ɗaya baya. Sau da yawa akwai wani fallen a tsakiya da ake jera kaya, shi ma yana taya riƙo. Na kwami ba shi da saman nan ko fallen tsakiyar yadda ya kamata. Cikin kwamin ya cinye saman, bututu da tarkon ruwa, wato lanƙwasasshen bututun da ke ƙarƙashin magudana, sun cinye tsakiyar. Abin da ya rage yana haɗa gefen dama da na hagu daga sama shi ne sanda guda a gaba, sai wata a baya.

Wannan sanda ta gaba aiki uku take yi. Tana tallafe siririn bakin tebur, wato fallen da ake shimfiɗawa a saman kabad, da ya rage a gaban kwami, tana hana gefunan buɗewa ko matsowa ciki, kuma a kanta ƙofofi ke rufuwa. Idan ta lotsa, duka ukun ne ke lalacewa tare.

Nauyi nawa ake magana a kai?

Ya fi yadda ake zato. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Kwami mai tsawon santimita 50, faɗi 40, zurfi 20 yana cin lita 40, wato kilo 40 ke nan idan ya cika, kafin a jefa tukwane. Kwamin ƙarfe marar tsatsa ba shi da wani nauyi, 'yan kiloli ne, amma na ƙarfen zubi ko na tangaran mai kauri yakan kai kilo 40 ko ya wuce tun yana fanko. Dutsen giranait mai kaurin santimita 3 kuwa yana da nauyin kusan kilo 80 a kowace murabba'in mita.

Sai kuma nauyin da ba a sa shi cikin lissafi: mai wanke-wanke yana jingina cikinsa da bakin tebur, yaro yana dafawa ya leƙa, wani ya taka don ya kai ga taga ko ya canza ƙwan fitila. Duk wannan a kan siririn bakin gaba yake sauka, inda ya fi ko'ina rauni.

Sandar gaba, a kwance zan sa ta ko a tsaye?

A tsaye. Cikin duk maganar nan babu abin da ya kai wannan muhimmanci.

Ɗauki rula, ka ɗora bakinta biyu kan littattafai, ka danna tsakiya da yatsa. Nan take za ta lotsa. Juya ta ta tsaya kan gefenta ka sake dannawa, ko gezau ba za ta yi ba. Dalili kuwa, taurin sanda ba ya bin faɗinta kamar yadda yake bin zurfinta daga sama zuwa ƙasa. In ka ninka faɗi, tauri ya ninku biyu. In ka ninka zurfi, ya ninku takwas. Saboda haka sanda mai kaurin milimita 18 da faɗin 90, idan aka tsayar da ita, ta fi yadda take a kwance tauri sau 25. Katakon ɗaya, kuɗin ɗaya.

Akwai wata riba ta biyu da mutane ba sa gani sai ranar da aka zo ɗora kwami. Zurfin kabad yawanci santimita 56 zuwa 58 ne, tebur kuma 60. Cikin wannan ɗan fili ne za a sami wurin famfo a baya, da cikin kwami, da ƙarafunan da ke damƙe shi ta ƙasa. Idan ka shimfiɗa sanda mai faɗin santimita 10 a gaba, mai ɗora kwami zai iske ta tare masa hanya. Ba zai kira ka ba. Zarto zai ɗauko ya fafe ta, ya bar maka ɗan siririn abu da bai wuce yatsu biyu ba a tsakiya, daidai inda nauyi ya fi yawa. Ka leƙa ƙarƙashin kwamin gidaje da dama, za ka ga wannan yankan mai kama da baka, bakinsa duk sartse, ba fenti ba komai, ya yi baƙi saboda ruwa. Sandar da ke tsaye milimita 18 kawai take ci daga zurfin kabad, ba wanda zai ga dalilin taɓa ta.

Zurfin santimita 9 zuwa 12 ya isa ga yawancin kabad. Idan kana son wurin da za ka ɗaure tebur da sukuru, manna wani siriri mai faɗin santimita 3 ko 4 a samanta ta ciki, su ba da siffar L, muddin ka tabbatar ba zai taɓa kwami ba. Ko kuma ka yi amfani da ƙananan ƙarafunan kwana.

Faɗin kabad yana canza lissafi?

Ƙwarai. Da nauyi iri ɗaya, sandar da ta kai santimita 90 tana lotsawa fiye da sau uku kan mai 60, mai 120 kuwa sau takwas. Abin da ya yi maka aiki lafiya a ƙaramin kabad ba hujja ba ne a babba. Daga santimita 90 zuwa sama, kada ka yi rowar zurfin sanda. In ya wuce mita guda, ka yi tunanin ƙara ƙarfe ko ginshiƙi.

Da wane irin katako ya kamata a yi sandar?

Katako mai tauri, busasshe, miƙaƙƙe, wanda ba shi da ƙulli a tsakiya, shi ne na farko. Busasshe fa, domin ɗanye zai murɗe bayan 'yan watanni ya ja ƙofofi su karkace. Na biyu filawud mai kyau na milimita 18. Idan filawud ne, ka yanke shi yadda zanen fuskarsa zai bi tsawon sandar, ba ya gitta ta ba. Manna falle biyu da gam su zama milimita 36 ya fi, in akwai fili.

MDF, wato fallen da ake yi da garin katako da gam, da katakon diddiga da aka matse su ne na ƙarshe. Suna da kyau a ido, suna karɓar fenti, amma taurinsu bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na katakon gaske ba, kuma idan nauyi ya daɗe a kansu sai su riƙa sunkuyawa a hankali ba su koma daidai. Ga rashin jure ruwa. Ko da dukan kicin ɗin da MDF aka yi shi, a ganina wannan sanda ɗaya ta cancanci a saya mata katakonta daban. Bayan ƙofa take, ba mai ganin launinta.

Ƙarfe ma yana aiki, musamman inda fili ya yi kaɗan. Angul, wato dogon ƙarfe mai siffar L, idan na alminiyum ne ba ya tsatsa, amma baƙin ƙarfe ya fi shi tauri kusan sau uku idan girmansu ɗaya. In baƙin ƙarfen za ka sa, sai an yi masa fentin hana tsatsa ko'ina, har cikin ramukan sukuru.

Yaya zan haɗa ta da gefuna yadda ba za ta saki ba?

Sanda mai ƙarfi da mahaɗi mai rauni ɓata katako ne. Ƙusa kaɗai ba ta isa ba, sukuru ɗaya a kowane baki ma bai isa ba, don sandar za ta juya a kansa. Kowane baki yana son aƙalla abu biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa: turakun katako masu kaurin milimita 8 da gam, ko sukuru na kabad mai kauri irin milimita 7 a 50, ko sukurun da ake ɗaurawa a karkace ta ciki. Kowanne ka zaɓa, ka fara huda ramin jagora. Sukurun da aka tura da ƙarfi cikin bakin MDF ko filawud yana raba shi biyu, kuma tsagewar ba ta nunawa sai daga baya.

Abin da ya fi duka sauƙi da tasiri shi ne ɗan guntun katako a ƙarƙashin kowane bakin sandar, manne da gefen kabad da gam da sukuru. Da shi, sandar zaune take kan wani abu, ba rataye take a jikin sukuru ba. In kana son ka kai ƙarshe, sa guntun ya zama dogo har ya taka ƙasan kabad, nauyi ya bi shi ya sauka. Sai dai ka duba kada ya tare wurin hinji.

Gam kuwa, nemi mai jure ruwa. A tsarin Turai na EN 204, wanda aka rubuta wa D3 ko D4 shi ne na wurin da ke jiƙa.

Kabad ɗina mai firam ne a fuska. Firam ɗin bai isa ba?

Ya danganta. A salon da aka fi yi a Amurka, ana manna firam na katako mai tauri a fuskar akwatin, kaurinsa kashi uku cikin huɗu na inci, faɗin sandunansa galibi inci ɗaya da rabi. Sandar sama a tsaye take, wannan ya yi, amma zurfinta milimita 38 kacal ne. Ƙasa da ita akwai ramin da ake rufewa da fuskar durowa ta ado, wadda ba ta buɗuwa, sannan wata sandar. A kabad mai inci 30 da kwamin ƙarfe marar nauyi, wannan yakan wadatar. A mai inci 36 da teburin dutse, sandunan biyu kowace ita kaɗai take fama.

Maganin shi ne a haɗa su su zama abu ɗaya. Yanko filawud da zai rufe daga sandar sama zuwa ta ƙasa, ka manna shi ta baya da gam da sukuru, bakinsa ya kai ga gefunan kabad. Yanzu kana da sanda guda mai zurfin wajen santimita 20. Abin da za ka rasa shi ne ɗan aljihun nan mai kifowa da ake ajiye soso a ciki. Ni dai da soso da tsagewar dutse, na san wanda zan zaɓa. In mai gida ya nace sai da aljihun, to a sa angul na ƙarfe a bayan sandar sama.

In sa ginshiƙi a tsakiya tsakanin ƙofofin biyu?

Ginshiƙi yana raba tsawon sanda biyu, kuma hakan yana rage lotsawa sosai. Amma yana da sharaɗi da kuma farashi. Sharaɗin: dole a sami ƙafa ko tokari a ƙarƙashin ƙasan kabad, daidai inda ginshiƙin ya taka. In babu, nauyin da ka ɗauke wa sanda ka jibga wa tsakiyar fallen ƙasa ne, shi ma ya lotsa, ruwa ya riƙa taruwa a wurin. Farashin: mai gyaran famfo zai shiga da kafaɗa ɗaya yana tsaki, bokitin shara ma sai an karkata shi.

Idan sandar gaba ta yi zurfin da ya kamata, kabad mai santimita 80 ko 90 ba ya bukatar ginshiƙi. Inda ya zama dole, a ɗaure shi da sukuru ba gam, don a iya cire shi ranar gyara a mayar.

Teburin dutse ne. Dutse bai isa ya ɗauki kansa ba?

Dutse yana jure a danne shi, ba ya jure a lanƙwasa shi. Bayan an fafe ramin kwami, abin da ya rage a gaba doguwar siririyar gada ce, kuma ba ta da sassauci ko kaɗan. Katako yana iya sunkuyawa milimita biyu ko uku ya zauna haka shekaru. Dutse kafin ya kai nan ya tsage. Saboda haka a ƙarƙashin dutse, ba a tambayar ko sandar za ta karye, ana tambayar ko za ta motsa.

Abu na biyu, dutsen ya zauna a kan sandar daga wannan baki zuwa wancan. Idan akwai 'yar tazara a tsakiya, sandar tana nan amma ba ta ɗauke da komai. Kafin masu dutse su zo, ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a saman jerin kabad ɗin gaba ɗaya, ka duba da ma'aunin lebur, ka gyara da ƙafafu.

Wasu masu yankan dutse suna tsaga rami a ƙarƙashin wannan bakin, su binne siririn ƙarfe da gam don ƙarfafa shi. Dabara ce mai kyau, amma ka tambayi irin ƙarfen. Idan baƙin ƙarfe ne kuma ruwa ya kai gare shi, tsatsa za ta kumbura shi, ya fasa dutsen daga ciki. Alamarsa ba ta ɓuya: tsaga siririya kamar gashi, miƙe ɗoɗar tana bin tsawon bakin tebur, da ɗan launin ja-ja a gefenta. Marar tsatsa ko na zaren gilashi ne ya dace. Faɗin da za a bari a gaban kwami kuwa, da yawa sun fi son santimita 8 zuwa 10, amma ka bar wa mai yankan ya faɗi nasa tun kafin ka haɗa kabad.

Kwamin da ake liƙawa ta ƙarƙashin tebur fa, me ke riƙe shi?

Kwamin da ake zurawa ta sama yana da leɓe da ke zama kan tebur, nauyinsa ya bazu a kewaye. Na ƙarƙashi rataye yake. Silikon da ake zagaya bakinsa da shi na toshe ruwa ne, ba na ɗaukar kaya ba, ko da yake wasu suna dogara da shi kaɗai har ranar da kwami zai ɓalle cike da ruwa. Mai sauƙin nauyi yana zama lafiya da ƙarafunan damƙa da ake kafawa a jikin dutse. Mai nauyi kuwa, kada a bar wa dutse shi. A gitta sanduna biyu daga gefe zuwa gefe, ko a yi firam da leɓen kwamin zai zauna a kai, yadda nauyin zai bi jikin kabad ya sauka ƙasa.

Irin wannan kwami bai dace da teburin katakon diddiga ba, domin bakin yankan a fili yake, ruwa na dukansa kullum.

Na sayi kwami mai buɗaɗɗiyar fuska, wanda gabansa ke fitowa waje. Ina zan sa sandar?

Nan babu sandar sama sam, fuskar kwamin ta maye wurinta. Kabad ɗin sai an sake masa tsari. Ana gina wa kwamin dandamali: sanduna masu kauri a jikin gefuna biyu ta ciki, ginshiƙai a ƙarƙashinsu har ƙasa, sannan fallen filawud na milimita 18 a kai, an fafe wurin magudana. Sandar gaba tana komawa ƙasa da fuskar kwamin, a tsaye kamar kullum, kuma ita ce yanzu ke hana gefuna buɗewa. Ƙofofi za su gajarta.

Kada ka yanka komai sai kwamin yana gabanka. Na tangaran gasa shi ake yi, kuma yana ɗan tsukewa a wuta, don haka awon da ke takarda da na zahiri sukan saɓa da 'yan milimita. Gina dandamalin ya ɗan yi ƙasa kaɗan, sannan ka ɗaga kwamin da 'yan siraran katako har bakinsa ya zo daidai da saman kabad. Ƙarawa tana da sauƙi, ragewa ce aiki.

Bayan kabad ɗin fa, tunda bututu za su wuce?

Fallen baya shi ke hana akwati karkacewa gefe. Idan aka yanke rabinsa don bututu, wannan aikin ya tafi. Gara a auna inda kowane bututu yake a huda masa raminsa, ya ɗan fi shi faɗi kaɗan. In bututun sun yi yawa har ba a iya sa fallen, a sa sanda mai zurfin santimita 10 zuwa 15 a sama a tsaye, wata a ƙasa, a ɗaure ta saman da bango. Sannan a haɗa kabad ɗin da maƙwabtansa na dama da hagu da sukuru, kusa da gaba.

Ko za a ba ni misalin awo?

Ga na kabad marar firam, faɗi santimita 90, tsayi 72, zurfi 56, da falle mai milimita 18. Ƙasa milimita 900 a 560. Gefuna biyu 702 a 560 kowanne, zaune a kan ƙasan, ba ƙasan ne ke rataye tsakaninsu ba. Sandar gaba da ta baya tsawonsu 864, zurfi 100 zuwa 120. Ƙofofi biyu, faɗin kowace wajen 447, don a bar 'yar tazara a tsakiya da gefuna. Ƙafafu masu murɗawa na santimita 10 zuwa 15, huɗu a kusurwoyi daidai ƙarƙashin gefuna, da ƙarin ɗaya ko biyu a tsakiya. Da kaurin tebur, tsayin gaba ɗaya zai zo kusa da santimita 90.

A tsarin inci, tsayin akwati 34 da rabi ne, da tebur 36, zurfi 24. Yawanci kwami yana ƙasa da faɗin kabad da kamar inci 3, wato mai 33 ya shiga mai 36. Duk da haka, takardar da ta zo da kwamin ita ce alƙali, tana faɗin mafi ƙarancin kabad da zai ɗauke shi.

Na tsayar da sandar, yanzu hinjin sama ya rasa wuri.

Wannan na faruwa. Hinjin ɓoye mai kofi na milimita 35 yana da gindi da ake ɗaurawa a jikin gefe, ramukansa milimita 37 daga bakin gaba, kuma hannunsa yana bi daidai ta inda sandar ta tsaya. Sauko da hinjin ƙasa da sandar, shi ke nan. Abin lura kawai a yanke wannan shawara kafin a huda ƙofa. In da fuskar durowa ta ado a sama, matsalar ba ta tasowa, don ƙofar ma daga ƙasan sandar take farawa.

Yaya zan kare ta daga ruwa?

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka. Fuskar falle mai rufi ba ta shan ruwa, bakin da aka yanka ne ke sha. Ruwan da ya zubo daga bakin tebur yana lanƙwasowa ta ƙasa, ya bi ya sauka daidai kan sandar gaba da saman ƙofa. Ka shafa hannu a saman ƙofar tsohon kabad na katakon diddiga, za ka ji ya kumbura, rufin ya ɗago kamar ɓawo, ciki ya yi laushi yana marmashewa. Wanda ya kai haka ba ya komawa, kuma ba ya riƙe sukuru.

Saboda haka duk bakin da zarto ya bi a rufe shi: da tef ɗin baki, ko fenti ko banish shafi biyu ko uku, har da saman sandar da ba a gani, da bakin ramukan bututu, da bakin ramin kwami idan teburin na katako ne. A zagaya mahaɗin ƙasa da gefuna da silikon ta ciki. Faranti na roba ko alminiyum a ƙasan kabad yana tare ɗigo, kuma yana nuna maka da wuri cewa wani abu na yoyo.

Injin wanke kwanuka zai zauna a gefensa. Akwai abin lura?

Akwai. Wurin injin fanko ne mai faɗin santimita 60, kuma injin ba ya ɗaukar tebur. Gefen kabad ɗin kwami da ke wannan ɓangaren ya rasa maƙwabcin jingina, ga ƙarin nauyin tebur a kansa. A kafa sanda a jikin bango a bayan injin don tebur ya zauna, a tabbatar wannan gefen yana da ƙafa a ƙarƙashinsa gaba da baya. Tururin da ke fita idan an buɗe injin yana kumbura katako, don haka a liƙa abin tare tururi a ƙarƙashin tebur, a rufe bakin gefen da kyau.

Nawa ya riga ya lotsa, ƙofofi suna gogar juna. Sai na rushe?

Fara da gano dalili. Kwashe kayan ciki, ka haska da tocila, ka tsokani sandar da gefuna da bakin sukudireba. In katakon ya ruɓe, ƙarfafa shi ɓata lokaci ne, sai an canza, kuma sai an tsayar da yoyon da ya jawo hakan. In da sauran ƙarfinsa, sirantaka ce kawai ta yi masa yawa, gyaran ba wuya. Shimfiɗa katako mai kauri a ƙasan kabad, ka tokare tsakiyar sandar da wani, ka riƙa ɗagawa kaɗan-kaɗan da weji, wato guntun katako mai siririn baki, har ta miƙe. Sannan ka shigar da sabuwar sanda a tsaye a ƙarƙashinta ko a bayanta, da guntayen tallafi a gefuna, ka ɗaure, ka cire tokarin.

Idan teburin dutse ne, kada ka ɗaga da ƙarfi. Dutsen da ya zauna a wani yanayi shekaru yana iya tsagewa idan aka tura shi sama. Nan burinka ka tsayar da lotsawar inda take, ka cike tazara. In ya riga ya tsage, aikin masu dutse ne.

Ta yaya zan san abin da na haɗa ya yi, tun kafin a ɗora tebur?

Ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan sandar, ka sa wani ya danna tsakiyarta da nauyin jikinsa, kai kuma ka durƙusa ka duba. In ka ga haske ya buɗe tsakaninsu har katin banki zai shige, ƙara mata zurfi ko ƙarfe. Kama gefunan biyu ta sama ka gwada buɗa su da matse su, bai kamata mahaɗi ya yi ƙara ko motsi ba. Auna fuskar kabad daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarori biyu, awon ya zo ɗaya. Bayan an ɗora kwami an haɗa bututu, toshe magudana ka cika shi da ruwa, ka bar shi ya kwana. Da safe ka duba tazarar da ke tsakanin ƙofofin biyu daga sama zuwa ƙasa, ka shafa busasshiyar takarda a ƙarƙashin bakin kwamin da kowane mahaɗin bututu, sannan ka saki ruwan gaba ɗaya ka sake shafawa.